Mudu Biyu A Ke Auna Malamai Da Shi

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa maza da mata, ku kawo kunne. Yau maganar malanta za mu yi, kada kuwa wani ya ce wannan zance na 'yan boko ne, ba ruwan mai tebur da shi. Da ruwanka ƙwarai. Kai ne ka sayar da tumakinka ka biya kuɗin jami'a. Ke ce kika yi shekara huɗu a bakin kasko har yaro ya samo digiri. Ku ne kuma ƙananan 'ya'yanku ke zaune a ƙasa, aji cike maƙil, suna jiran malamin lissafi tun farkon zango bai zo ba.

Kowane ɗan kasuwa ya san mutumin nan mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. In asirinsa ya tonu, ko a Dawanau ko a kasuwar ƙauye, ya gama cin mutunci a wannan layi. To, abin da mu ke tuhumar mahukunta da shi ke nan. Suna da mudu biyu na auna wanda zai shiga aji ya riƙe alli. Wanda a ke cuta da wannan awo shi ne ɗan talakan da ya karanta wani fanni dabam a jami'a, ya dawo gida yana son ya zama cikakken malami.

ABIN DA DOKA TA CE

Bari mu fara warware muku dokar, don kada a ce mun yi ihu ba mu san abin da mu ke wa ihu ba.

A shekarar 1993 aka yi doka mai lamba 31, wadda ta kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, watau TRCN. Dokar ta ce ba wanda zai yi sana'ar koyarwa a Nijeriya sai wanda wannan hukuma ta yi wa rajista. Ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi. Mafi ƙanƙantar takardar da a ke karɓa ita ce NCE, wadda kwalejojin ilmi ke bayarwa bayan shekara uku. Wanda ya yi digiri a fannin koyarwa shi ma hanyarsa a buɗe ta ke.

Saura kuma wanda ya karanta lissafi zalla, ko kimiyya, ko aikin injiniya, ko tsimi da tanadi, ko aikin gona. Shi digirinsa bai isa ba, ko da ya fito da daraja ta ɗaya. Dole ya koma makaranta ya yi diflomar koyarwa ta bayan digiri, wadda a ke kira PGDE. A kan yi ta a jami'o'i, da kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, watau NTI, mai wuraren karatu na ƙarshen mako a jihohi. Karatun ya kan ci shekara guda ko fiye. Cikinsa a ke koyon halayyar yara, da dabarun koyarwa, da tsara darasi, da yadda a ke shirya jarrabawa a auna fahimta, sa'an nan a tura mutum wata makaranta ya yi gwajin koyarwa a gaban mai duba shi.

In ya gama, da sauran tafiya. Tun daga 2017 sai ya zauna jarrabawar cancanta ta TRCN, wadda a ke yi a kan kwamfuta. In ya ci, a yi masa rajista, a ba shi lasin, shi kuma lasin ɗin a riƙa sabunta shi bayan kowace shekara uku. Kowane mataki cikin waɗannan da kuɗinsa: kuɗin fom, kuɗin makaranta, kuɗin jarrabawa, kuɗin rajista, kuɗin lasin, ban da kuɗin mota.

DOKAR NAN TANA DA GASKIYA

Mu ba mu ce a soke dokar nan ba, kada maƙiya su je su yi mana ƙarya. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya san kowane yadi da hannu, ko idonsa a rufe, amma wannan bai mai da shi tela ba. In ka ba shi almakashi sai ya ɓata maka turmi. Haka mai digirin lissafi. Ya san lissafi, ba shakka. Amma ya san yadda zai sa yarinya 'yar shekara goma sha biyu, wadda ta yi tallan goro kafin ta zo aji, ta gane raba lamba? Ya san abin da zai yi da yara tamanin, ashirin sun gane, sittin sun ɓace? Ya san yadda zai gano yaron da ke zaune a baya shiru don ba ya ganin allo? Wannan sana'a ce mai zaman kanta, koyonta a ke yi.

Ku kanku ba ku miƙa wa sabon yaro makullin shago ran da ya zo. Sai ya yi shekaru yana kallon ubangidansa, ya koyi ciniki, ya koyi riƙon amana. In kayan shago sun cancanci wannan tsantseni, 'ya'yanmu sun fi cancanta. Saboda haka mun yarda, wanda zai koyar da ɗan talaka lalle ya koyi koyarwa. Rigimarmu da mahukunta a kan abu biyu ta ke: wa a ke tilasta wa dokar, wa kuma zai biya.

MUDU NA BIYU

Ku dubi abin da Gwamnati ke yi in ita ce ke bukatar hannu mai araha.

Tun 1973 aka kafa bautar ƙasa. Kowace shekara a kan kwashi samari da 'yan mata da suka gama jami'a, a yi musu mako uku a sansani ana fareti, sa'an nan a rarraba da yawansu makarantu. Wanda ya karanta aikin banki a ba shi ajin Turanci. Wanda ya karanta ilmin duwatsu a ba shi ajin lissafi. Wa ya tambaye su PGDE? Wa ya tambaye su lasin? Ba kowa. A makarantun ƙauye da yawa ɗan bautar ƙasa shi kaɗai ne malamin kimiyya, in ya gama shekararsa ya tafi, yara su zauna jiran na gaba.

A 2016 kuma aka zo da shirin N-Power. Kashin farko mutum 200,000 aka ɗauka, 150,000 daga cikinsu aka tura koyarwa, a kan alawus na naira 30,000 a wata. Masu digiri ne daga kowane fanni. A lokacin nan ba wanda ya ce digirinsu bai isa ba. Suka shekara biyu, wasu fiye, suna riƙe da azuzuwa. Da wa'adinsu ya cika aka sallame su. Da Gwamnati ta so, cikin shekarun nan biyu da ta sa an yi musu horon malanta a ƙarshen mako, su fito da takarda a hannu, ƙasa ta samu dubban ƙwararrun malamai. Aka bar damar ta wuce. A watan Oktoba na 2023 aka dakatar da shirin.

To, ga tambaya. Wannan saurayi da ya koyar shekara guda a bautar ƙasa, ya ƙara biyu a N-Power, in ya zo neman aikin malanta na dindindin mai fansho, me a ke ce masa? Sai a ɗauko babban mudu. Ina PGDE? Ina rajistar TRCN? Jiya da a ke biyansa kuɗin goro ya isa malami. Yau da ya nemi albashi ya zama bai cancanta ba. Haba jama'a! Aji ɗaya ne, yaran nan su ne dai, allon ma bai sake ba.

Akwai kuma abin da kowa ya sani, ko da ba a rubuta shi a takarda ba. In za a ɗauki malamai, wasu sunaye daga gidajen manya su ke fitowa. Masu irin waɗannan sunaye ba a cika tsananta musu bincike ba. Ɗan mai ƙosai ne a ke juya takardunsa gaba da baya.

WA ZAI BIYA?

Ku tsaya ku dubi wanene wannan mai digiri da a ke magana a kansa. Ɗan minista ba ya neman aikin malanta. Ɗanku ne. Ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya zaga ofisoshi da ambulan har takalmi ya cinye, bai samu ba. Daga ƙarshe wata makarantar kuɗi ta cikin unguwa ta ɗauke shi, irin wadda ku 'yan kasuwa ke kai 'ya'yanku don ta Gwamnati ta cika. Abin da a ke ba shi a wata sau da yawa bai kai mafi ƙanƙantar albashi ba, watau naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024. Da yamma ya ja adaidaita sahu, ko ya zauna a rumfar cajin waya, don a samu na cefane. Wannan bawan Allah a ke ce wa ya fid da kuɗin karatun shekara guda daga aljihunsa. Daga wane aljihu? Ƙarshenta wajen uwarsa zai koma, ta kwashe adashinta.

An taɓa gwada tsoratarwa. A zamanin da Malam Adamu Adamu ke ministan ilmi aka yi shela cewa daga 31 ga Disamba 2019 duk malamin da ba shi da rajista za a fid da shi daga aji. Ranar ta zo ta wuce. Ba a iya korarsu ba, domin in an kore su wa zai shiga ajin? Barazana ba ta horar da malami ko ɗaya ba.

A watan Satumba na 2025 ministan ilmi Dakta Tunji Alausa ya fito da sabon umurni. Ya ce daga 2027 makarantar da malamanta ba su da rajistar TRCN ba za a yarda ta zama wurin rubuta jarrabawar WAEC ko NECO ba. Umurnin ya kuma ce mai digiri na wani fanni, wanda ya yi aƙalla wata goma sha biyu yana koyarwa, zai iya shiga gajeren kwas na wata uku zuwa shida a NTI, daga nan ya cancanci rajista.

Mun yaba gajarta hanya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma ku lura da inda bulalar za ta sauka. Manyan makarantun kuɗi na unguwannin masu hali za su biya wa malamansu, ko su ɗauko masu lasin da albashi mai tsoka. Ƙaramar makarantar unguwa da sakandaren ƙauye su ne za su rasa izinin jarrabawa. Ranar nan ɗiyarka da ta kai ajin ƙarshe sai a ce ta je wani gari ta rubuta, kai ne da kuɗin mota, kai ne da neman mata masauki. Uba nawa ne zai yarda? Laifin na mahukunta, horon a kan yarinya.

DA CAN BA HAKA A KE YI BA

Za su ce muku ba kuɗi, kuma ba a taɓa yi ba. Ku tambayi dattawanku.

Turawan mulkin mallaka, duk da irin zaluncin da mu ka sani nasu, da su ka bukaci malamai kwaleji su ka buɗe a Katsina a 1922 don horar da su. Can Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa su ka yi karatu, su ka fito malaman makaranta. A 1945 aka tura Tafawa Ɓalewa Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan ya ƙaro sanin koyarwa na shekara guda. A 1946 aka tura Malam Aminu Kano wannan wuri. Ba gonar ubansu aka sayar ba, hukuma ce ta biya.

A 1976, da Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, an ga malamai ba za su isa ba. Sai aka yawaita kwalejojin horon malamai masu ba da satifiket mai daraja ta biyu. Ɗalibi ya kwana kyauta, ya ci kyauta, har a ba shi ɗan alawus. Wanda ya riga ya gama sakandare a yi masa gajeren horo ya fito malami. A shekarar nan aka kafa NTI a Kaduna don malamin da ke bakin aiki ya ƙaro ilmi ba tare da ya bar ajinsa ba. Shirin ya yi kurakurai, an yi gaggawa, amma ƙa'idarsa daidai ce: ƙasa ce ke bukatar malami, ƙasa ce za ta biya horonsa. Dubban 'ya'yan manoma ta wannan ƙofa su ka shiga boko.

Ku kuma dubi Ingila. A shekarar karatu ta 2024, mai digirin lissafi ko kimiyyar sinadarai da ya yarda ya koyi koyarwa, Gwamnatinsu ta ba shi tallafin fam 28,000. Su biyan mutum su ke ya zo ya koya, mu kuwa mu kan ce ya biya kafin ya shigo. Har wa yau, tun watan Fabrairu na 2023 su ka buɗe wa malaman Nijeriya masu koyar da lissafi da kimiyya ƙofar neman shaidar koyarwa a can. Watau wanda uwarsa ta kwashe adashi ta biya masa PGDE, in ya ƙware, Ingila na jiransa. Mu mu shuka, wani ya girbe.

A nan gida kuwa alkawari ne ba ya ƙarewa. Ran 5 ga Oktoba 2020 Shugaba Buhari ya yi wa malamai alkawarin tsarin albashi na musamman, ƙungiyar malamai ta NUT ta yi shekaru tana tuni a kansa. A 2021 aka yi shelar tallafin naira 75,000 a kowane zango ga ɗaliban digirin koyarwa, da 50,000 ga ɗaliban NCE. Mai digirin da ke son juyowa malanta ko sunansa ba a ambata ba. A 2025 malaman firamare na Abuja, a ƙofar fadar Gwamnati, sun yi sama da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙanƙantar albashi. In haka ta faru a Abuja, me ku ke tsammani a ƙauyenku?

TAKARDA KAƊAI BA TA KOYARWA

Akwai wani haɗari da ya kamata mu faɗa. In aka mai da dokar nan ta zama ta tara kuɗi kurum, sai a samu takarda a rasa malami. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, ta kore su. An yi gardama mai zafi a kan yadda aka yi jarrabawar da yadda aka yi korar. Amma tambaya ɗaya ta rage: wa ya ba su takardun, wa kuma ya ɗauke su aiki? Ba mu ga an kori waɗannan ba.

Ku ƙara da wannan. A 2025 hukumar JAMB ta yanke mafi ƙanƙantar makin shiga jami'a 150 cikin 400, na shiga kwalejin ilmi kuwa 100. Ashe tun daga ƙofa an riga an gaya wa yara cewa malanta ta wanda ya rasa ce. Ga kuma masu digirin lissafi da kimiyya zaune ba aiki, ga makarantu ba malaman lissafi da kimiyya. Mai hankali haɗa su zai yi. Amma haɗin ya zama na gaskiya. Kwas na wata uku da mutum zai biya, ya sa hannu a rajista, ba wanda ya taɓa zuwa ya ga yadda ya ke tsayawa gaban yara, wannan ciniki ne aka yi da sunan horo.

ABIN DA MU KE NEMA

Na ɗaya. Duk mai digirin da ke koyarwa, ko a makarantar Gwamnati ko a ta unguwa, Gwamnatin Tarayya da ta jiha su biya masa kuɗin PGDE ko gajeren kwas, da kuɗin jarrabawar TRCN. Shi kuma ya sa hannu zai koyar na wasu shekaru a inda a ke bukatarsa. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Na biyu. Horon ya kasance da mai duba aiki da zai shiga aji da ƙafarsa ya ga koyarwar, ya gyara. Wanda bai iya ba kada a ba shi takarda, ko ɗan wanene.

Na uku. Mudu ɗaya ga kowa. Ɗan bautar ƙasa da bai koyi koyarwa ba kada a damƙa masa aji shi kaɗai, a haɗa shi da gogaggen malami. Wanda ya so malanta cikinsu a yi masa horon a shekarar nan tasa, ya fito da takarda biyu.

Na huɗu. A kawo wurin karatu da wurin jarrabawa kusa. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan. Bai kamata malamin ƙauye ya kwana a tasha don ya taɓa kwamfuta na awa biyu ba.

Na biyar. In za a ɗauki malamai, a manna sunaye da makin kowa a ƙofar ofishin ilmi, kowa ya gani.

Na shida. Kada a hana wata makaranta izinin jarrabawa sai an tabbata an ba malamanta hanyar horon nan kyauta sun ƙi. Wanda kuma ya samu lasin a biya shi albashin da zai riƙe shi a aji.

AIKIN DA KE KANMU

Kai mai digiri da ke koyarwa, kada ka zauna jiran Gwamnati har wa'adi ya cim maka, ba a fafe gora ranar tafiya. Je ka ofishin NTI ko na TRCN na jiharka da kanka, ko jami'ar da ke kusa, ka ji sharuɗɗa daga bakinsu. Ka yi nesa da dillalan da ke cewa za su samo maka takarda ba karatu. Kuɗinka za su ci, ranar tantancewa kuma kai za a kama.

Ku iyaye, ran taron iyaye da malamai ku tashi ku tambayi hedimasta: malamai nawa ne a nan ke da rajista, me a ke shirya wa sauran kafin 2027? Ku ƙungiyoyin kasuwa, masu hatsi da masu yadi da mahauta, kuna tara kuɗi in gobara ta tashi. Ku duba ko za ku ɗauki nauyin malami ɗaya ko biyu a makarantar unguwarku, ku kuma rubuta wa ɗan majalisarku takarda da sa hannun kowa.

In lokacin zaɓe ya zo su ka shigo kasuwa da sabulu da taliya, ku tare su da tambaya ɗaya: wa zai biya horon malamin 'ya'yanmu? Wanda ya yi in-ina, kun san mudun da za ku auna shi da shi.